Babi na Bakwai: Dalmashiya, Inda Jirgin Ruwa Ke Tsara Maka Hutu

"Tsibirai nawa zan iya zagawa a mako guda?" Wannan ita ce tambayar farko ta kusan duk mai niyyar hutu a gaɓar Kuroshiya, da zarar ya buɗe taswira ya ga tsibirai sun jeru a bakin teku kusa da kusa. Ido ya kai kan Brač, ya tsallaka Hvar, ya hango Vis, ya gangara Korčula da Mljet, sai rai ya ce ai duk na kwana ɗai-ɗai ne.

Amsar ba za ta yi wa mai zumuɗi daɗi ba: biyu ne. Idan kwanakin sun kai goma kuma an dace da lokaci, a iya ƙara na uku. Taswira tana nuna nisa ne kawai, ba ta nuna ƙarfe nawa jirgi ke tashi, ko daga wace tasha, ko ma akwai jirgin tsakanin tsibiran nan biyu da ke kallon juna. Wanda ya fara da jerin wuraren da yake son gani, sannan ya je neman jirgin da zai haɗa masa su, shi ne zai ƙare hutunsa zaune a kan akwati a bakin tasha. Daga jadawalin jirgi ake fara shiri a wannan yanki, sauran abubuwa su biyo baya.

Ina ne Dalmashiya?

Dalmashiya ita ce kudancin gaɓar Kuroshiya, a gabashin tekun Adiriyatik, wani reshe na Bahar Rum da ya shiga tsakanin Italiya da yankin Balkan. Siririyar ƙasa ce mai tsawo, duwatsu a bayanta, teku a gabanta, tun daga wajen Zadar har ƙasa da Dubrovnik. Kuroshiya tana da tsibirai da tsirarun duwatsun cikin ruwa fiye da 1,000, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su wuce kimanin 50 ba.

A wannan babi za mu tsaya tsakanin birane biyu, Split da Dubrovnik, saboda kowannensu yana da filin jirgin sama, kuma fitattun tsibiran suna tsakaninsu. Ta hanyar mota kimanin kilomita 230 ne, tafiyar awa huɗu a bas. Ta ruwa, idan jirgi ya bi tsibirai yana sauke fasinja, awa huɗu da rabi zuwa biyar. Shawarata tun daga farko ita ce ka sayi tikitin jirgin sama da zai sauke ka a ɗaya, ya ɗauke ka daga ɗayan. Ko ya ɗan fi tsada, ya cece ka daga asarar yini guda na komawa inda ka fito.

Jirgi iri biyu ne

Mutanen wurin suna rarrabe jiragensu gida biyu. Akwai trajekt, babban jirgin fito mai ɗaukar motoci da manyan motocin kaya da mutane. Tafiyarsa a hankali take, kuɗinsa da sauƙi, yana aiki duk shekara, kuma mai tafiya a ƙafa da wuya ya rasa wuri. Kamfanin gwamnati mai suna Jadrolinija ne ke gudanar da mafi yawansu. Akwai kuma katamaran, ƙaramin jirgi mai gudu wanda ba ya ɗaukar mota. Kujerunsa a ƙidaye suke, in sun cika sun cika. Jadrolinija na da nasa, kamfanoni masu zaman kansu irin su Krilo da TP Line su ma suna da nasu.

Ga inda gizo ke saƙa. Jiragen fito an tsara su ne don mazauna tsibiri: su fito Split da safe su ga likita, su yi sayayya, su koma gida da yamma. Don haka kusan kowane layi daga tudu yake tashi zuwa tsibiri ɗaya, ya dawo. Split zuwa Supetar da ke Brač minti 50 ne. Split zuwa Stari Grad da ke Hvar awa biyu. Split zuwa Vis awa biyu da ɗan ɗori. Amma tsakanin Brač da Hvar, waɗanda daga gaɓar wannan kana hangen gidajen wancan, babu jirgin da zai ɗauki motarka. Dole ka koma tudu, ka sake bin layi.

Katamaran ne ke haɗa tsibiri da tsibiri, kuma layin da ya fi amfani ga baƙo shi ne wanda ke tashi daga Split ya bi Brač, Hvar, Korčula da Mljet ya ƙare a Dubrovnik. Sai dai layin nan na lokacin baƙi ne, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Da sanyi ya shigo, sai ya ɗauke.

Daga nan hukunci ɗaya ya fito fili: in tsibirai ka zo gani, kada ka yi hayar mota daga Split. A watan Agusta za ka iske layin motoci ya miƙe a tashar tun kafin jirgi ya iso, ga rana, ga yara suna kuka a kujerar baya, masu tafiya a ƙafa kuma suna wuce ka da 'yan jakunkunansu. In ka sauka tsibiri kana son zagawa, ka yi hayar ƙaramar mota ko babur na yini ɗaya, ko ka bi bas ɗin da ke jiran jirgi a tasha.

Sai a kula da sunaye. Hvar sunan tsibiri ne, kuma sunan gari ne a kansa, haka ma Korčula da Vis. Jirgin fito mai zuwa tsibirin Hvar ba ya tsayawa a garin Hvar. A Stari Grad yake saukewa, daga nan sai an yi tafiyar kimanin minti 20 zuwa 30 a mota. Akwai wani gajeren fito na minti 35 daga Drvenik zuwa Sućuraj, a ƙarshen gabashin tsibirin, wanda yake yaudarar masu kallon taswira. Ka sauka da wuri, gaskiya ne, amma tsakaninka da garin Hvar akwai kusan kilomita 80 na siririyar hanya mai lanƙwasa. A Korčula ma wasu jirage Vela Luka suke tsayawa, can ɗaya ƙarshen tsibirin. Kafin ka biya, ka karanta sunan tashar, ka duba nisanta da masaukinka.

Iska ma tana da ta cewa

Mutanen gaɓa suna kiran iskokinsu da suna, kuma uku daga ciki sun shafe ka. Maestral ita ce ta lokacin zafi, tana kaɗowa daga arewa maso yamma bayan rana ta take, ta sanyaya gari, ta kwanta da magariba. Bura tana gangarowa daga duwatsu ta arewa maso gabas, busasshiya mai sanyi, kuma a hunturu takan wuce gudun kilomita 200 a awa, har a rufe gadoji da hanyoyi. Jugo kuma daga kudu maso gabas take zuwa, da ɗumi da laima da manyan igiyoyin ruwa. Wani lokaci tana ɗauko jan ƙurar Sahara ta tsallako da ita teku, mutane su wayi gari motocinsu sun yi buɗu-buɗu. A Dubrovnik ana ba da labarin cewa majalisar birnin ta dā ba ta yanke hukunci idan jugo na kaɗawa, wai tana dagula wa mutane tunani.

Idan ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe ta taso, katamaran ake fara sokewa, babban jirgin fito kuwa galibi yana ci gaba. Ko a tsakiyar lokacin zafi hakan na iya faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Saboda haka kada ka taɓa kwana a tsibiri a daren da jirgin samanka zai tashi washegari. Darenka na ƙarshe ya kasance a Split ko Dubrovnik. Wanda teku ke sa wa jiri kuma ya sayi maganinsa kafin ya hau, ya nemi kujera ta tsakiya ko ta baya, domin gaban katamaran ya fi tsalle.

Wane wata?

Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Kuroshiya ba su kai miliyan 4 ba, amma a 2023 baƙin da suka ziyarce ta sun haura miliyan 20, kuma mafi yawansu a Yuli da Agusta suke zubowa gaɓar teku. A watannin nan biyu ruwa ya fi ɗumi, yakan kai digiri 25, jirage sun fi yawa, komai a buɗe yake. Farashi ma a lokacin yake kai ƙololuwa. Tsakiyar Agusta, wajen ranar 15 ga wata, hutun Italiyawa da bikin cocin Katolika suna haɗuwa, ko'ina ya cika maƙil. Idan manyan jiragen yawon shaƙatawa suka juye fasinjojinsu da hantsi, babban titin tsohon garin Dubrovnik sai ya koma Kantin Kwari a jajibirin salla, babu masaka tsinke. A Yuli kuma Split na karɓar wani gagarumin bikin kaɗe-kaɗe mai suna Ultra Europe, wanda a makonsa kuɗin ɗaki ke tashin gwauron zabo, barci kuma ya yi wuya.

Ni dai Satumba nake zaɓa wa mutane, musamman makonni biyu na tsakiyarta. Teku ya sha rana wata uku yana nan da ɗuminsa, yaran Turai sun koma makaranta, katamaran bai daina aiki ba, ɓaure da inabi sun cika kasuwa. Yuni ita ce ta biyu: gari ya yi kore, rana doguwa, ruwa ya fara ɗumi. A Mayu yawo da ƙafa ya fi daɗi, amma ruwan yana da sanyin da wanda ya taso a ƙasa mai zafi zai tsoma ƙafa ya janye. Daga Nuwamba zuwa Maris otal-otal da gidajen abinci da yawa a tsibirai a rufe suke.

Biza, da wata gaɓa mai kilomita tara

Tun 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, ta kuma bar kuɗinta na dā, kuna, ta koma Yuro. Duk littafin jagora da ya ba ka farashi da kuna, ka san ya tsufa. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Shengen. Tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba. Ana neman inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla Yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara wata uku da rai bayan ranar fitarka, da shaidar masauki da tikitin dawowa da bayanan banki. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa. Ka fara da wuri. Samun ranar ganawa ya fi cike takardun wuya. Babu jirgin sama kai tsaye daga Afirka ta Yamma, sai an sauya a Istanbul ko wani babban birnin Turai.

Akwai abu guda da ya keɓanta da wannan gaɓa. In ka dubi taswira da kyau, za ka ga ƙasar Bosniya ta zuro hannu ta taɓa teku a wani gari mai suna Neum, ta raba Dubrovnik da sauran Kuroshiya. Asalin abin tun 1699 ne. A lokacin Dubrovnik jamhuriya ce mai cin gashin kanta, ana kiranta Ragusa, tana biyan haraji ga Sarkin Daular Usmaniyya kowace shekara don a bar ta ta yi fataucinta. Babbar kishiyarta Benis ce, wadda ke Italiya ta yau, kuma da ta ga ƙasar Benis na neman haɗa iyaka da tata, sai ta bar wa Turkawa wannan 'yar gaɓa su shiga tsakani. Iyakar ta zauna har yau. Shekara da shekaru duk mai zuwa Dubrovnik ta mota sai ya fita Kuroshiya, ya yi kimanin kilomita 9 a Bosniya, ya sake shiga.

A Yulin 2022 aka buɗe gadar Pelješac mai tsawon kilomita 2.4, wadda wani kamfanin Chaina ya gina, Tarayyar Turai ta biya mafi yawan kuɗin. Yanzu ana kewaye Neum ba tare da an ga jami'in iyaka ba. Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, Bosniya ba ta cikin Shengen. Mai bizar shiga sau ɗaya, in ya fita, ya fita ke nan. Kafin ka hau bas ka tambaya ta gada za a bi ko ta Neum, in kuma kai ke tuƙi, ka duba inda taswirar wayarka ke kai ka. Haka ma in ranka na son leƙa Mostar a Bosniya ka ga tsohuwar gadar da Usmaniyawa suka gina a 1566, aka rusa ta a yaƙin 1993, aka sake gina ta a 2004, ko ka gangara Kotor a Montenegro: tun wajen neman biza za ka roƙi mai shiga sau da yawa.

Yadda kwana goma za su kasu

Split ta cancanci kwana biyu zuwa uku, ko da yake mutane da yawa tasha kawai suke ɗaukarta. Tsakiyar garin fada ce. Sarkin Rum Diocletian ya gina ta don ya yi ritaya a ciki, ya kuma sauka daga mulki a shekara ta 305 ya tare. Bayan ƙarni uku, mutanen birnin Salona da ke kusa suka gudo daga mahara suka fake a cikin ganuwarta, kuma tun daga lokacin ba a rasa mazauna a ciki ba. Za ka ga shanyar wanki a tagar da ke jikin bangon da ya shekara 1,700, da wani gunkin dutse mai jikin zaki da aka kawo daga Masar yana kwance a dandali, yara na wasa a gefensa. Kabarin sarkin, wanda ya yi ƙaurin suna wajen gallaza wa Kiristoci, shi ne ya zama babban cocin garin. Da sassafe ka shiga, kafin masu jagora su ɗaga tutocinsu, ka ɓulla ta ƙofar gabas zuwa kasuwar kayan lambu da ake kira Pazar. Tashar jirgin ruwa da ta bas da ta jirgin ƙasa duk suna wuri ɗaya, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa daga fadar.

Tsibiri na farko ya danganta da wanda kake tare da shi. Garin Hvar kyakkyawa ne, tafiyar kimanin awa ɗaya daga Split a katamaran, amma wurin masu kuɗi da masu raba dare ne, har a 2017 hukumar garin ta sa tarar ɗaruruwan Yuro kan shan giya a titi da yawo ba riga. Mai iyali ya sauka a Stari Grad ko Jelsa ko Vrboska, ya je garin Hvar da rana ya dawo. A bayan Stari Grad akwai wani fili da Girkawa suka yanka gonaki-gonaki da katangun dutse bayan sun kafa garin a 384 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau a kan wannan shatar ake noman inabi da zaitun. Da keke ake zaga shi. Brač ta fi kusa, ta fi araha, ta fi jirage, kuma a garin Bol ne ake da gaɓar nan mai tsini da ke cikin kowane hoton talla, Zlatni Rat. Vis ita ce ta nesa. Sansanin sojan Yugoslabiya ce da aka hana baƙi shiga har 1989, shi ya sa ba a cika ta da gine-gine ba. Amma hanyarta mafi tabbas daga Split take, a je a dawo, don haka duk wanda ya zaɓe ta ya haƙura da wani tsibirin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Tsibiri na biyu, a ganina, Korčula ce ba gardama, saboda tana kan hanyar Dubrovnik kuma ba ta da hayaniyar Hvar. Tsohon garin ɗan mitsitsi ne a kan wani tsinin ƙasa, an shata lungunansa a siffar ƙashin kifi. Na yamma a miƙe suke don maestral ta shigo ta sanyaya gida, na gabas an ɗan lanƙwasa su don a karya ƙarfin bura. Mutanen garin suna cewa a nan aka haifi Marco Polo, har da gidan da suke nunawa. Mutanen Benis ba su yarda ba, yawancin masana tarihi ma haka. Daga nan ana iya zuwa Mljet a wuni, a ga tafkunanta biyu na ruwan gishiri a cikin kurmin da aka keɓe tun 1960.

Dubrovnik kwana biyu sun ishe ta, kuma aljihu ma zai ce haka, domin ta fi ko'ina tsada. Ganuwarta ta kusa kilomita 2, kuma kuɗin hawa ya kai Yuro 35 a 2023. Ka hau da zarar an buɗe da safe ko kuma da la'asar sakaliya, don babu inuwa a sama. Daga can za ka lura rufin gidaje kala biyu ne, tsofaffi masu duhu da sababbi masu haske. Sababbin na gidajen da aka gyara ne bayan luguden wutar da aka yi wa birnin a yaƙin 1991. Wannan ƙaramin birni ne ya kafa dokar killace matafiya a 1377, inda duk wanda ya fito daga ƙasar da annoba ta ɓulla sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shigo. Kusa da ƙofar Pile akwai maɓuɓɓugar Onofrio ta 1438, kuma har yau ana cika gora a wurin kyauta.

Lissafin ke nan: uku a Split, uku a tsibirin farko, biyu a Korčula, biyu a Dubrovnik. Mai mako guda ya rage ɗaya daga Split, ɗaya daga tsibirin farko, ɗaya daga Dubrovnik, ko mafi kyau ya jefar da tsibiri guda gaba ɗaya. Kowace ranar sauya wuri rabinta a tafiya take ƙarewa: a ɗaure kaya, a bar ɗaki da ƙarfe goma, a jira jirgi, a jira mai sabon ɗaki ya ba da makulli da ƙarfe biyu ko uku.

Masauki: ka tambayi matakala

Mafi yawan gadajen kwana a wannan gaɓa ba na otal ba ne, na gidajen mutane ne. Za ka ga alluna an rubuta sobe, wato ɗakuna, ko apartmani, wato sashe mai ɗakin girki. Ga mai iyali na biyun ya fi, musamman saboda abinci. Mai gida zai karɓi fasfonka ya yi maka rajista da hukuma, doka ce, kada ka tsorata. Akwai kuma ɗan harajin baƙi da ake biya kan kowane dare.

Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne hawa. Mota ba ta shiga tsohon garin Dubrovnik. Tasi zai ajiye ka a ƙofar ganuwa, ka ja akwatinka a kan sulɓin dutsen babban titi, sannan ka ɗaga kai ka ga lungun da aka kwatanta maka matakala ce ta miƙe sama, tsakanin bango da bango, da tukwanen furanni a gefe da kyanwa tana kallonka. Idan da tsoho a tafiyar, ko mai ciwon gwiwa, ko keken jariri, ka rubuta wa mai gida ka tambaye shi matakala nawa ce daga titi zuwa ƙofa. Unguwannin Lapad da Gruž sun fi sauƙi da araha, ga bas zuwa tsohon gari, kuma a Gruž katamaran ke tsayawa.

Ci, sha da salla

Ƙasar masu naman alade da ruwan inabi ce, sai an buɗe ido. Pršut, busasshen naman da ake fara kawowa a faranti, alade ne. Pašticada naman sa ne, amma ana cusa masa kitsen alade a dafa shi da giya. Miyar kifi da ake kira brudet, da buzara ta jatan lande da sauran kayan ɓawo, da baƙar shinkafar da ake rina wa da tawadar dabbar teku, duk yawanci da giya a cikinsu. Ko ćevapi, wanda a Bosniya na sa ne ko na rago, a nan akan gauraya shi da alade. Kalmomi biyu za su yi maka aiki: bez svinjetine, ban da alade, da bez vina, ban da giya.

Mafita ita ce gasasshen kifi, kuma shi ne ma abincin da ya fi daɗi a yankin. A ƙananan gidajen abinci da ake kira konoba, ma'aikaci zai kawo maka kifayen ranar a tire, ɗanyu, idanunsu na ƙyalli, ka nuna wanda kake so. A gasa shi a kan garwashi, a zuba man zaitun da tafarnuwa, a haɗo da blitva, wani ganye mai faɗi da ake dafawa da dankalin Turawa. Kafin a kai shi wuta ka ce a auna a faɗa maka kuɗin, domin farashin da ke rubuce na kilo ne, kuma kifin da ya cika ido yana iya cinye kasafin yini biyu. Sardin da ake kira srdele su ne na talaka, kuma ba su da abin kushewa. Mai ɗakin girki ya je kasuwar kifi ta Split da safe. Ya kuma tuna cewa tun 2023 doka ta taƙaita buɗe shaguna ranar Lahadi zuwa Lahadi 16 a shekara. A yankin baƙi galibi lokacin zafi suke amfani da su, amma a Mayu ko Oktoba gara ka yi cefanenka tun Asabar. Ruwan famfo ana sha.

Kuroshiya ta amince da Musulunci a hukumance tun 1916. Manyan masallatai suna Zagreb da Rijeka, a Split da Dubrovnik kuma akwai ƙananan wuraren salla na al'ummar Musulmi inda ake Juma'a. A tsibirai ka shirya yin sallarka a masauki. Alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni alfijir na ketowa wajen ƙarfe uku, magariba sai bayan takwas da rabi, lisha kuma ta haura goma, don haka barcin rana ya zama dole, kuma mutanen gari ma a lokacin suke rufe tagogi.

Bakin ruwan kuwa tsakuwa ce da duwatsu, yashi kaɗan ne. Shi ya sa ruwan yake garau har kana ganin ƙasa, shi ya sa kuma ake sayen takalmin roba na shiga ruwa, don akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi da ke maƙale a jikin duwatsu. Duk inda ka ga an rubuta FKK, wurin masu wanka tsirara ne. Akwai irinsa a wani gefen tsibirin Lokrum da ke gaban Dubrovnik da kuma Jerolim kusa da garin Hvar. Mai son sutura da natsuwa ya fita da sassafe, ko ya tambayi mai masaukinsa gaɓar da iyalan gari ke zuwa.

Har yanzu ba mu taɓa babbar tambaya ta biyu ba, wadda takan zo daf da ta farko: nawa duk wannan zai ci? A babi na gaba za mu ɗauki kwana goman nan mu bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami, daga tikitin jirgi da kuɗin ɗaki zuwa na'urorin cire kuɗi na bakin titi, waɗanda ke tambayarka ko su yi maka canji da kansu, da dalilin da ya sa amsarka kullum za ta zama a'a.